Neman Kakan da Ya Ɓace: Wace Hanya Ce Ta Cancanci Kuɗinka?

Da wuya ka samu gida a ƙauyukan Kano da Jigawa da babu sunan wani kaka da labarinsa ya yanke. Wani ya tafi cin rani bai dawo ba, wani ya bi fatake Gwanja sayen goro, wani ya kama hanyar Makka a ƙafa aka ce ya zauna a Sudan, wani kuma an ɗebe shi soja lokacin yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Yau jikoki suna son gano bakin zaren, kuma hanyoyin da ake tallata musu ba duka ne suka cancanci kuɗi ba.

Abin da intanet za ta fara nuna maka shi ne tsofaffin takardun ƙidayar jama'a. A Amurka da Ingila hanya ce mai kyau, domin ana adana takardar kowane gida da sunayen mutanensa da shekarunsu da sana'arsu, a buɗe wa jama'a bayan wa'adi: shekara 72 a Amurka, 100 a Ingila. Shi ya sa a 2022 aka fito da ta 1950 ta Amurka da ta 1921 ta Ingila. Shafukan da ke karɓar kuɗi duk wata irin su Ancestry da Findmypast da wannan suke cin kasuwa. Mutumin Ɓaɓura ko Gaya ba zai ga kakansa a can ba. An yi ƙidaya a Najeriya a 1911, 1921, 1931, 1952 zuwa 1953, 1963, 1991 da 2006, an soke ta 1962 da ta 1973, amma abin da aka wallafa alƙaluma ne: lardi kaza mutum kaza, maza kaza, mata kaza. Ta 1931 ma a mafi yawan Arewa daga lissafin haraji aka haɗa ta. Shawarata kada ka biya kuɗin waɗannan shafuka. Ka leƙa shafin FamilySearch tunda kyauta ne, kuma suna tattara tarihin zuriya na baka daga ƙauyukan Afirka har da Najeriya.

Ƙidayar da ta san sunan kakanka ita ce ta haraji. Tun bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 har zuwa 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kowace shekara mai unguwa yana lissafa magidantansa, dagaci ya haɗa, a kai wa hakimi. Don haka gidan dagaci da ofishin hakimi su ne inda za ka fara tambayar takarda. A wani gidan sarautar za a jawo maka akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a wani kuma gara da ɗigar ruwa sun gama da komai. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na mota da gaisuwa ba. Sai dai lissafin na maza baligai ne, ba za ka ga kakarka mace a ciki ba, kuma mutane da yawa sun ƙaura cikin dare don gudun harajin kansa. Ka duba adakar tsofaffin gidanku ma. Rasidin haraji guda da aka naɗe cikin tsumma yana iya ba ka suna da gari da shekara a tare.

Amma kafin takarda, tsofaffi. Nan ne na fi so mutum ya zuba lokacinsa da kuɗinsa, domin takarda tana jira, tsohuwa mai shekara tamanin ba ta jira. Ka je da goro da turare, ka nemi izini ka kunna rikoda ta wayarka, ka zauna ba gaggawa. Kada ka tambayi shekara, ka tambayi abin da ya faru: an haife shi kafin jirgin ƙasa ya iso Kano ne, wato 1911? Ya tafi lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, ko bayan da layin dogo ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930? Sarautar wane sarki ce? Da haka za ka kafa shekara. Ka kuma roƙi sunan yanka. Gida na kiran mutum Tanko ko Dogo ko Ɗanjuma, matarsa ba ta faɗin sunansa, uwarsa ma tana masa alkunya in ɗan fari ne, alhali malamin haraji Muhammadu ko Audu ya rubuta. In ba ka riƙe sunayen biyu da sunan ubansa ba, za ka wuce kakanka a takarda ba ka gane shi ba. Gwaggo da inna sun fi kawu riƙe wa ya auri wa, kuma daga wane gari aka kawo ta. Wanzamin gida da maroƙin unguwa su ma kada a raina su.

Sai kotun alƙali. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an jera magada, maza da mata, saboda haka in an taɓa shari'ar gona ko gida a danginku, nan ne mata suke bayyana da sunansu. Tsofaffin littattafan da Larabci ko ajami aka rubuta su, ka tanadi kuɗin malamin da zai karanta maka.

Zuwa Kaduna ya fi tsada, ga kuɗin mota ga masauki ga na ɗaukar hoton takardu. A Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke can akwai fayilolin Lardin Kano, wanda a zamanin Turawa ya haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Dutse da Ringim gundumomin Kano ne a lokacin, Jihar Jigawa sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi suna kawo tarihin garuruwa, sunayen hakimai da dagatai, ƙabilu da sana'o'i. Ɗan gidan sarauta ko na malanta zai ci riba, jikan manomi kuwa labarin garinsu zai fi samu. Kafin ka yi wannan tafiya, ka biya Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take. Wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, ya bincika shafin CWGC, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen Commonwealth, kyauta, inda aka jera sojojin da suka mutu, ya gwada da sunan gari a matsayin suna na biyu, domin haka aka rubuta sojoji da yawa.

Gwajin DNA shi na sa a ƙarshe. Da dala ake biya, sai an aika samfurin yawu ƙasar waje, sakamakon kuma yanki zai faɗa maka, ba suna ba. Yana haɗa ka da dangi ne kawai in su ma sun yi gwajin, abin da ba a cika samu a Kumasi ko Sudan ba. In kana da labarin cewa kakanku ya zauna a zangon wani gari, kuɗin gwajin ya fi amfani a tafiya wajen sarkin Hausawan garin, da sunayen da ka tattara a hannu.