Katun ɗin dainoso: zanen hannu da zanen kwamfuta, ina wahalar take?

Wata 'yar'uwa ta ce yaranta na kallon katun ɗin dainoso iri biyu, tsohon nan The Land Before Time da kuma Dinosaur Train. Ta lura dabbobin na farkon suna da nauyi da rai, na biyun kuwa sumul suke kamar kayan wasan roba. Tambayarta: ƙwarewa ce ta ragu, ko kwamfuta ce ta ɗauke wahalar aikin?

Malama, wahalar tana nan, wuri kawai ta sauya. Mai zanen hannu yana biyan kuɗin kowace daƙiƙa ta fim daga farko har ƙarshe. Mai kwamfuta yana zuba kaso mai tsoka tun kafin a ga motsi ko ɗaya, daga baya ya ci moriyar abin da ya gina.

Dukansu da murya suke farawa. Ana ɗaukar muryoyin 'yan wasa tukuna, a jera zanukan labarin a kan sautin don a san tsawon kowace fitowa, sannan a shiga motsi. Ma'aunin fim hoto 24 ne a daƙiƙa. The Land Before Time na 1988 minti 69 ne, wato hoto 99,360. Labari ɗaya na Dinosaur Train kimanin minti 11 ne, wanda a wannan ma'aunin zai kama hoto 15,840.

Na farkon, Don Bluth ne ya ba da umarni, an zana shi a Dublin ta ƙasar Ayalan, Steven Spielberg da George Lucas na cikin manyan masu shiryawa. A irin wannan aiki babban mai zane yana zana muhimman tsayuwar dabbar a takarda mai huji a gefe, a kan tebur mai fitila ta ƙasa, mataimaka su cike zanukan da ke tsakani. Sai a ɗauki zanen fensirin a kyamara a duba motsin. Idan ya yi, a tsabtace layukan, a kwafe su kan falle na roba mai garai-garai da ake kira sel, a shafa fenti ta bayansa don kada ya rufe layin, a bar shi ya bushe. Daga nan a ɗora shi kan zanen daji ko dutse, a danne da gilashi, a ɗauki hoto ɗaya, a cire, a sa na gaba. Don rage aiki, galibi ana ɗaukar zane ɗaya sau biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa, sai wurin gudu ko faɗa a koma 24.

Matsalolin wannan hanya na zahiri ne. Kowane falle yana shanye ɗan haske, don haka ba a cika wuce huɗu ko biyar a jere ba, kuma dole a haɗa fentin da la'akari da matakin da fallen zai zauna. In aka manta, ƙafar da ke fallen sama za ta fi jikin da ke na ƙasa haske. Ƙura ɗaya a kan gilashin tana fitowa a majigi. Hannaye da yawa kuma na zana dabba ɗaya, shi ya sa ake raba wa kowa takardar da ke nuna ta ta gaba, ta gefe da ta baya. Wannan ne ma dalilin da ba za ki ga ɓawon fata a jikin Littlefoot, ɗan dainoson da ke tauraron fim ɗin, ba: duk layin da aka ƙara, sai an sake zana shi sau 12 a kowace daƙiƙa.

Nauyin da kike gani daga lissafin lokaci yake zuwa. Mai zane yana jinkirta ɗaga ƙafa, ya sauke ta da sauri, ya bar tumbi da wutsiya su biyo baya da hoto biyu ko uku, wani lokaci a girgiza hoton kaɗan. Yana da 'yancin lanƙwasa jikin yadda ƙashi ba zai yarda ba, matuƙar ido ya gamsu.

Asara a nan ba ta da magani. An yanke kusan minti goma daga The Land Before Time saboda ana ganin wasu fitowar, musamman na Sharptooth, dainoso mai cin nama da ke farautar su Littlefoot, za su firgita yara. Zanen da aka yi wa fitowa ɗaya da wuya ya yi amfani a wata.

Dinosaur Train ya fara a tashar PBS Kids a 2009. Craig Bartlett ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Jim Henson ya shirya, aka yi motsin a Sparky Animation da ke Singafo. A aikin kwamfuta ana sassaƙa siffar dabbar sau ɗaya, a dasa mata ƙwarangwal mai gaɓoɓi da mariƙan sarrafawa, a faɗa wa kowane sashen fata gaɓar da zai bi da kuma gwargwadon yadda zai bi ta. Sai launi, sai a ajiye kyamara, mai motsi ya saita muhimman tsayuwa, kwamfuta ta cike tsakani. Nan fa santsin yake shigowa, domin kwamfuta tana raba tafiya daidai wa daida, dabba mai rai kuwa ba ta motsi haka. Gyara wannan aikin hannu ne, hoto bayan hoto, kuma shirin talabijin mai sassa da yawa ba ya samun lokacin da fim ɗin sinima ke samu.

Abubuwan da ke lalacewa daban suke da na zanen hannu. Tafin ƙafa na zamewa a ƙasa idan tsawon taku bai dace da saurin jiki ba. Wutsiya na nutsewa cikin dutse tunda siffofin ba su san da juna ba. Fata na murɗewa a gwiwa ko kafaɗa idan ba a raba nauyin gaɓoɓi daidai ba. Dogon wuya na buƙatar gaɓoɓi masu yawa, in ba haka ba ya karye maimakon ya lanƙwasa. Akwai kuma matakin ƙarshe, inda kwamfuta ke lissafa haske da inuwa ta fitar da hoto. A ƙaddara hoto ɗaya na cin minti 10: labarin minti 11 zai ci awa 2,640, kwana 110 ke nan a kwamfuta ɗaya. Da kwamfuta 100 sai ya koma kwana ɗaya da 'yan awanni. Gashi, ruwa da ganyaye masu yawa suna ninka wannan lokaci, saboda haka fata mai santsi da haske mai sauƙi zaɓi ne na kasafi. Wannan ya shafi kimiyya ma: tun 1996 aka gano dainoso mai gashi irin na tsuntsu a ƙasar Sin, amma ko an sa gashin a katun ɗin yara, sau da yawa dunƙulallen fasali ake yi masa, ba zare-zare ba.

Ribar ita ce maimaitawa. Tafiyar da aka gina sau ɗaya za ta yi aiki a sassa da dama, a kalle ta ta kowace kusurwa. Ƙwarangwal ɗin dabba mai ƙafa biyu kuma ana iya gyara shi a ɗora wa wata mai kama da ita. Shirin da ya kai sassa 100, kuma yake yawan gabatar da sabuwar dabba, ya fi dacewa da wannan hanya.

Adalcin kwatance shi ne a ajiye Dinosaur Train kusa da shirin talabijin na The Land Before Time mai sassa 26 da ya fara a 2007, ba fim ɗin sinima ba. A zanen talabijin ma ana tsuke aljihu, jiki ya tsaya cik, baki kaɗai ke motsi.

Matsala ɗaya ta haɗa su: muryar yaro na fashewa idan ya girma. An yi fim 14 na The Land Before Time tsakanin 1988 da 2016, kuma an sha sauya mai muryar Littlefoot. Baki ma haka: T. rex, babban dainoso mai cin nama, ba shi da leɓen furta "m" da "b", don haka ko da fensir ko da kwamfuta sai an ƙirƙira masa.

Ta fuskar gaskiyar tarihi Dinosaur Train ya fi. Littlefoot nau'in Apatosaurus ne, na kusan shekara miliyan 150 da suka wuce, ƙawarsa Cera kuwa Triceratops ce, ta shekara miliyan 68 zuwa 66. Nau'o'in biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Dinosaur Train ya kauce wa wannan da jirgin ƙasa mai ratsa zamani uku, kuma masanin burbushin halittu Scott Sampson yana fitowa da kansa bayan labari ya bayyana wa yara abin da ƙasusuwan suka nuna.