Faranti ko Futres? Amsa ga Mai Drag Star

Alhaji, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce ka sayi Yamaha Drag Star 1100 'yar Beljiyam, samfurin Custom, ka yi Kano zuwa Abuja sau biyu a kanta, kuma kafin ka kai Kaduna tafin ƙafarka ya yi sanyi kamar ba naka ba, gwiwa kuma ta riƙe. Kana so ka sani ko ka cire futres ɗin da ta zo da shi ka sa farantin ƙafa, wato faffaɗan matakin nan da ake shimfiɗa ƙafa gaba ɗaya a kai, ko kuwa ka nemi wani futres mafi kyau. Na hau duka biyun shekaru da dama, don haka ga abin da na gani.

Kafin a zo kan ƙarfe, ka fara gano inda ciwon yake, domin ciwo uku ne mutane ke haɗawa su kira shi gajiyar ƙafa. Idan tafin ƙafa ne ke mutuwa, to girgizar inji ce da kuma ɗora nauyi a kan siririn wuri guda. Idan gwiwa ce ke riƙewa, ƙafar ce ta daɗe a lanƙwashe a yanayi ɗaya. Idan kuwa mazaunai da ƙugu ne, to laifin kujera ne, ko farantin zinare ka sa ba zai yi maka magani ba. Kai ka ambaci na farko da na biyu.

Futres sanda ce kawai, faɗinta bai wuce yatsu biyu ko uku ba. Tana riƙe ƙafa a wuri guda, ko a tsakiyar tafi ko a gindin yatsu. Faranti kuwa kamar daɓen Vespa ne, wanda iyayenmu suka yi zamani a kai: ka tura ƙafa gaba, ka janyo ta baya, ka karkata ta waje, ka ɗaga diddige. Motsin bai fi na inci 3 ko 4 ba, amma a tafiyar sama da kilomita 400 wannan ɗan motsin shi ne komai. Mutane na ɗauka faɗin faranti ne ke kawo daɗi. A ganina ba faɗin ba ne, damar sauya zama ce. Gwiwa ba ta ƙin lanƙwasa, abin da take ƙi shi ne a bar ta awa uku ba ta motsa ba. Kuma farantin kirki yana da shimfiɗar roba da ke zaune a kan wasu ƙananan robobi, ba ta taɓa ƙarfen kai tsaye, shi ya sa girgizar inji mai silinda biyu irin naka ba ta kai wa tafin ƙafa da ƙarfi. Haka na Harley-Davidson suke a Electra Glide da Road King. A wannan fannin faranti ya ci futres, ba gardama.

To amma ba a samun nama ba ƙashi. Faranti ya fi faɗi kuma yawanci ya fi kusa da ƙasa, don haka shi ke fara taɓa kwalta idan ka kwantar da mashin a kwana. Manyan Harley na tafiya ma, da duk kuɗinsu, kwanciyarsu ba ta wuce digiri 30 da 'yan kai. A hanyar Maiduguri, daga Wudil zuwa Azare zuwa Potiskum, inda hanya ta miƙe kamar an ja zare, ba za ka ma tuna da wannan ba. Amma ka gangara Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko ka hau dutsen Mambila za ka Gembu, nan za ka ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashin ƙafarka.

Wannan ƙarar ba ita ce haɗarin ba, in dai farantin mai naɗewa ne. Na kamfani an yi shi da maƙalli, idan ya taɓa ƙasa sai ya ɗaga sama, ya yi maka gargaɗi ka sassauta. Haɗarin yana ga wanda aka yi wa walda ya ƙame. Ni na taɓa yin wannan wautar. Na kai wata tsohuwar mashin ɗina wurin wani mai walda, ya yanko faranti mai kauri ya like min shi da firam, aiki tsaf, har da fenti. Wata biyu ina yabonsa. Ran nan muna saukowa daga Jos, na shiga wata kwana ta dama da ɗan gudu, farantin ya daki kwalta, maimakon ya naɗe sai ya zama kamar an sa wa mashin ɗin jak, tayar baya ta yi sama ta zame. Allah ne ya kiyaye, na miƙar da ita na fita gefen hanya, babu mota a bayana. Ba laifin mai waldan ba ne, abin da na ce ya yi shi ya yi. Na san 'yan acaɓa a ƙauyuka suna walda wa Boxer faffaɗan mataki don ɗaukar buhu da fasinja, kuma yana yi musu aiki, amma su ba sa shiga kwana da mashin mai nauyin sama da kilo 250 a gudun 80.

Abu na biyu da ake rasawa shi ne miƙewa tsaye a kan mashin ana cikin tafiya, kuma nan ne nake saɓawa da 'yan'uwanmu masu dogayen mashinan shiga daji irin su BMW GS da Africa Twin da Super Ténéré, waɗanda na san za su ce maka kada ka kuskura. Gaskiyarsu ce, amma a kan nasu mashinan. Futres ɗinsu yana daidai ƙarƙashin ƙugu, idan suka hango rami ko tudun rage gudu sai su ɗaga mazaunai kaɗan, gwiwa ta shanye bugun, kashin baya ya tsira. A hanyoyinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai GS da ya sa faranti ya sayar da akuyarsa ta dawo tana ci masa danga. Abin da ya dace da shi futres ne mai faɗi da haƙora, irin na SW-Motech ko Touratech na Jamus, ko Pivot Pegz na Ostareliya wanda ke ɗan juyawa gaba da baya yana bin ƙafa. Dogo a cikinsu kuma yakan nemi wanda aka saukar da milimita 15 zuwa 30 don gwiwa ta buɗe. Amma kai, Alhaji, Drag Star ɗinka tun daga kamfani ƙafa a gaba take. Ko yanzu da futres ɗin ba ka iya miƙewa a kanta sai ka ja kan mashin da ƙarfi. Abin da ba ka da shi ba za ka yi asararsa ba. Saboda haka hujjar da ta fi ƙarfi a kan faranti ba ta shafe ka sosai ba.

Sai maganar giya da birki, wadda masu saye daga intanet ke mantawa da ita har sai kaya sun iso. Idan ka sa faranti, babu sararin da za ka zura yatsu ƙarƙashin giya ka ɗaga ta kamar da, sai dai a ɗaga sandar sama sosai. Shi ya sa faranti ke tafiya da giya mai baki biyu, ka taka gaba da yatsu, ka taka baya da diddige. Turawa sukan yi kwanaki kafin su saba da ita. Mu kuwa duk wanda ya koyi tuƙi a kan Jincheng ko roba-roba ya riga ya san ta, ƙafarsa za ta tuna cikin minti goma. Tana ma da wani amfani: saman takalminka ba zai ƙara yin baƙin tabo ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne birkin ƙafa. A kan futres, ƙafa na lilo a kan sanda, yatsu su danna birki nan take. A kan faranti sai ka ɗaga ƙafar ka ɗora ta a kan birkin kamar na mota. Ɗan jinkiri ne, amma akwai shi, kuma idan ba a daidaita tsayin birkin ba yakan yi yawa. Wanda ya san yadda akuya ke faɗowa hanya a garuruwan da ke tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya ya san darajar rabin daƙiƙa.

Ga inda ka yi sa'a. Yamaha ta fitar da wannan mashin iri biyu, Custom mai futres da Classic mai faranti, inji ɗaya ne mai cc 1063, a Amurka kuma V-Star ake kiranta. Haka Kawasaki ta yi da Vulcan 900, Classic da faranti, Custom da futres. Don haka maimakon ka yi odar na wani kamfani, ka sa a nemo maka na Classic na hannu, cikakken saiti: farantin biyu, ƙarafan da ke riƙe su, sandar birki da giya mai baki biyu. Kada ka karɓi faranti tsura. Waɗanda suka ƙera mashin ɗin su suka auna tsayinsa da nisansa, kuma mai naɗewa ne. Abu ɗaya ka sani, a wannan mashin filtar mai tana ɓoye ne a bayan salansar gaba, duk ranar canza ta sai an kwance salansa an sassauta matakin dama. Ka tsaya a kan makanikenka ranar juye, ka ga ya mayar da kowane noti ya ɗaure.

Akwai kuma tsaka-tsaki, ƙaramin faranti da ake ɗaurawa a gurbin futres ba tare da an taɓa giya ko birki ba. Kuryakyn na Amurka suna yin su da yawa, sai ka haɗa da ɗan maƙallin da ya dace da samfurin mashin ɗinka. Yana rage mutuwar tafin ƙafa, yana tallafar diddige, kuɗinsa bai kai na cikakken saiti ba. Gwiwa ce dai ba zai yi wa abin kirki ba, domin ba shi da tsawon da za ka zagaya ƙafa a kai. Masu kwaikwayonsa kuma sun cika kasuwa, masu walƙiya a hoto, alminiyon zubi a hannu. Irin wannan ba ya lanƙwasa ya ba ka labari, karyewa yake yi gaba ɗaya. Ka duba kan kusoshin da suka zo da shi, in ba ka ga an buga 8.8 ko 10.9 ba, wato lambar ƙarfin kusa, ka canza su.

In don gwiwa ne kaɗai, abin da ya fi araha ya kuma fi aiki shi ne futres na biyu a kan gadin inji, wato bututun ƙarfen da ke kare inji idan mashin ta faɗi, wanda ake miƙe ƙafa a kai idan hanya ta buɗe. Masu Honda Gold Wing sun fi kowa saninsa, domin injinsu mai silinda 6 ya bazu hagu da dama ya tare gaban ƙafa, Honda kuma futres ta ba direba, faranti sai na fasinja. Ka auna kaurin bututun gadinka kafin ka saya, yawanci inci 1 ne ko inci 1 da kwata, wato milimita 25 ko 32, in ka kuskure maƙallin zai riƙa juyawa. Sharaɗinsa guda: ƙafarka ta yi nisa da birki da giya. Na dajin Falgore ne da rana tsaka idan kana ganin gabanka, ba na shiga gari ba ne. Kuma in kana hawa da kaftani ranar Juma'a, ka naɗe shi, bakin wando yana son maƙalewa a nan daidai lokacin da za ka sauke ƙafa. Na ga babban mutum ya faɗi a tsaye a bakin masallaci saboda haka, mashin ba ta ko motsi.

Sauke ƙafa ma abin lura ne ga faranti. Yana ƙara wa mashin faɗi, sai ka buɗe ƙafafu ka zagaye shi kafin ka taɓa ƙasa, kuma a cunkoson Kano, inda za ka tsaya sau hamsin tsakanin Ɗangi da Ƙofar Nasarawa, ƙaurinka zai san da shi a makon farko. Kai dogo ne, ba zai dame ka ba. Da damina kuma, taɓo a kan faranti mai sulɓi santsi ne zalla, futres mai haƙora ya fi shi riƙo nesa ba kusa ba. Ka zaɓi mai roba mai zane, ka bar mai ƙyalli ga masu ɗaukar hoto.

Idan kana ɗaukar Hajiya a baya, nata farantin ya kamata ka fara saye kafin naka. Fasinja ba shi da giya ba shi da birki, ba ya sauke ƙafa, ba ya ganin rami kafin a faɗa, zama kawai yake a yanayi ɗaya, kuma futres na baya a irin mashin ɗinka gajere ne kuma yana kusa da salansa. A wurinta faranti ba shi da wata illa da na sani, sai ma ya raba takalminta da zafin ƙarfe.

Da ni ne kai, saitin Classic zan nema, in ƙara futres na biyu a kan gadi, in bar maganar walda. Ranar ɗaurawa a sa wa kusoshin gam ɗin Loctite mai shuɗi, ba ja ba, ja sai da wuta ake kwance shi. A daidaita tsayin birki yadda za ka taka shi ba tare da ɗaga gwiwa ba, a duba fitilar birki tana kamawa da an taka, domin makunninta yana jikin sandar kuma sau da yawa akan manta a mayar da shi daidai. Kada ka fara da Abuja. Ka yi Wudil ka dawo, ka sake bin kusoshin da sifana, sannan ka samu fili ka yi ta zagaye hagu da dama a hankali har ka ji inda farantin ke fara taɓa ƙasa. Tankinka lita 17 ne, dole ka tsaya shan mai a hanya ko ba ka so, to in ka tsaya a Zariya ko Kaduna ka sauka ka taka ƙafa minti biyar, kada ka zauna a kai yaro na zuba mai. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fito da tawa, mai faranti ce, ka karɓa ka je Bichi ka dawo kafin ka kashe ko sisi.