Sharhi kan horon karanta taswirar jera kaya a kanti

Horon da wani babban kanti a Kano yake bai wa sababbin ma'aikata kan karanta taswirar jera kaya ya cancanci yabo, domin mai koyarwar ba ta tsaya ga takarda kaɗai ba, sai da ta kai mu gaban kantar da ake jera kaya muka gwada da hannunmu. Ta nuna mana yadda kowane layi a taswirar yake wakiltar hawa ɗaya na kantar, da yadda lambar jikin kaya take bambanta madarar gwangwani babba da ƙarama, da adadin gwangwanayen da ya kamata su fuskanci mai saye.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne bayanin dalilai. Ana ajiye kayan da suka fi kawo riba daidai idon mai saye, buhun shinkafa da galan ɗin mai su koma ƙasa saboda nauyi, sannan a turo kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa gaba don a fara sayar da su.

Sai dai ba a zurfafa kan abin da ma'aikaci zai yi ba idan kaya suka yanke daga kasuwar Singa, inda ake saro kayan masarufi a Kano, alhali wannan matsala ce ta yau da kullum.