Manhajar lissafin tafiyar jirgi: ta iya awo, amma ba ta san hanyar Sakkwato ba

Goggona ce za ta je biki Maiduguri daga Sakkwato a watan Janairu, aka ɗora min shirya tafiyar, wai ni ne na Abuja, na saba da jirgi. Sai na sauke wata manhajar kyauta mai faɗin nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu da lokacin da za a ɗauka a sama.

Wajen sauƙi ba ta da laifi. Na rubuta SKO, lambar filin jirgin Sakkwato, na rubuta MIU, ta Maiduguri, nan take ta ja layi a taswira: kusan kilomita 860, awa ɗaya da minti 35. Da mil ta fara ba ni, 535, sai da na laluba na mayar da ita kilomita. Ba ta cin data, sai dai talla kamar ƙudan damina.

Lissafinta a fili yake. Tana auna hanya mafi gajarta a doron ƙasa, ta raba da gudun kilomita 800 a awa, ta ƙara rabin awa na tashi da sauka. Ɗana mai son taswira ya gwada ta da Longyearbyen, can tsibirin Svalbard na Norway, inda rana ba ta fitowa tun ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu, zuwa birnin Tromsø a arewacin Norway. Ta ce kusan kilomita 960, awa ɗaya da minti 40 da 'yan kai. Haka ma jiragen can ke ɗauka, domin kai tsaye suke tafiya.

Ni kuwa da zumuɗi na kira Goggo na ce, "Ranki ya daɗe, kafin shayinki ya huce kin sauka." Sai da na zo sayen tikiti na gane babu jirgin da zai kai ta kai tsaye, dole ta biyo ta Abuja. Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 490, Abuja zuwa Maiduguri kusan 710, tafiya ta koma 1,200. Manhajar ko alama ba ta yi ba, kuma babu gurbin da za ka saka zango a tsakiya.

Jirginta ya iso da yamma, na Maiduguri ya riga ya wuce, ta kwana gidanmu a Lugbe. Washegari muka yi sammako, sai hazo ya rufe can Maiduguri. Muka zauna tun hantsi har bayan azahar. Ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa kan jakarta, ledar dambun naman da ta kawo wa amarya a cinya, tana jan carbi. Can ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ɗan nan, ina awa guda da rabin da kac ce?"

Na ce, "Goggo, waya ce ta faɗa."

"To ta zo ta kai ni."

Tauraro uku cikin biyar na ba manhajar. Ban goge ta ba, don yaron na amfani da ita wajen darasin labarin ƙasa, ni ma na duba nisan Abuja zuwa Jidda da ita. Goggo dai a mota ta koma, ta Kano, ta ce gara ta riƙa ganin inda take.