Yaya, nan har ruwan masai kuɗi muke biya

Yaya barka da war haka, ya iyali, ya zafin Sakkwato? Ka tambaye ni mi ya fi ba ni mamaki tun da na zo Jamus, kana zaton zan ce jirgin ƙasa ko wutar da ba ta ɗaukewa. Wallahi ruwan masai ne.

Garin da nike ƙarami ne, bai kai Bodinga ba a ganina, amma ba gidan da ke da sokawe, duk ruwan wanka da na wanki da na bayi yana bin bututu ta ƙarƙashin ƙasa har bayan gari inda anka gina wajen tace shi. Ranar da sunka buɗe wa mutane ƙofa na bi maƙwabcina munka je. Da farko akwai ƙarafa kamar rariya da ke tare tsumma da leda, sai yashi ya kwanta, sai a tura ruwan cikin manyan kwatami ana busa mai iska yana ta ɓulɓula kamar tukunyar dawa, ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye dattin, kiwonsu ake yi kamar yadda Inna ke kiwon awaki. Taɓon da ya rage kuma a rufe shi cikin tanki ya fidda gas, da gas ɗin suke samun wani ɓangare na wutar wajen. Ruwan da ke fita garau yake, ba a sha dai, kuma ma'aikacin da kansa ya ce ragowar magungunan da mutane ke sha ba duka ake iya tacewa ba.

Ba kyauta ba ne fa. Gwargwadon ruwan da mitarka ta nuna ka sha, haka za ka biya na wanda ka zubar, har ruwan saman da ya sauka kan rufin gida yana da nashi kuɗi, ranar da na gani a takardar haya sai da na yi dariya.

Rafin garin yana faɗawa kogin Rayin, Rayin ya wuce Holan ya shiga teku, kuma garuruwa da dama a hanya daga rijiyoyin bakin kogin suke sha. Jamusawa ma sai da sunka ji jiki, a 1892 amai da gudawa ta kashe sama da mutum 8,000 a Hamburg saboda suna shan ruwan kogi ba tacewa.

Ina tsaye wurin sai Kwalkwalawa ta faɗo min a rai, da damina duk abin da lambatun gari sunka kwaso gulbi yake gangarawa, ga masu lambun albasa a fadama, ga yara na wanka, ruwan ga kuma shi ne ke wucewa Argungu har ya tadda Kwara.

Na turo kuɗin kwashe sokawen gida. Don Allah Yaya in mai motar ya zo ka tambaye shi ina yake kai shi, ka gaya min.