Faifan Pink Floyd uku da na saya, da wanda ya ɓata min rai

Wata uku ke nan da ƙanina ya taho min da faifan CD uku na Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, daga Landan, waɗanda suka fitar bayan Roger Waters, ɗaya daga cikin mawaƙansu, ya rabu da su a 1985: A Momentary Lapse of Reason na 1987, The Division Bell na 1994, sai The Endless River na 2014. Kuɗin da na tura masa ba sai na faɗa ba, kowa ya san yadda fam yake yanzu. Biyun farko na san su tun a kaset, lokacin da yayanmu yake kunna su a ɗakinsa muna laɓe a bakin ƙofa. Na ukun ne ban taɓa ji ba, kuma shi na fi ɗoki.

Ranar da zan je Zariya daga Kano na saka shi a mota, ni da wani abokin aikina. Kiɗa ya fara a hankali, na ce to, salonsu ne, yanzu David Gilmour, mawaƙinsu mai jita, zai shigo. Muka wuce Kura, shiru. Muka wuce Chiromawa, jita da fiyano kawai ke ta yawo. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, wai faifan ne ya lalace ko ba su da mawaƙi?" Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Sai da muka doshi Kwanar Dangora aka fara rera waƙa, ashe ita ce ta ƙarshe. Kiɗa 18 ne a faifan, ɗaya tak ke da baituka. Raina ya ɓaci matuƙa, na cire shi na jefa a aljihun mota.

Daga baya na sake saurarensa da dare, na sa abin kunne, gida ya yi tsit. Nan na ɗan sauko. Yawancin kiɗan daga zaman da suka yi ne a 1993, lokacin da suke haɗa The Division Bell, kuma an fitar da shi ne don tunawa da Richard Wright, mai fiyanonsu da ya rasu a 2008. Idan ka san haka, za ka ji hannunsa a ko'ina, har zuciya ta karye. Amma fa duk da haka ɗumame ne. Ɗumame yana da daɗinsa, sai dai ba a sayar da shi kuɗin sabon tuwo, balle ga mutanen da suka yi shekara 20 suna jira.

The Division Bell shi ne na ɗaya a wurina, babu ja. Su ukun, Gilmour da Wright da Nick Mason mai ganga, suna kiɗa tare kamar mutanen da suka san numfashin juna. Wright ma ya rera waƙa guda da muryarsa mai sanyi. Ƙararrawar nan da ke buɗe waƙar High Hopes har yau tana tayar min da tsikar jiki, kamar yadda ta yi a ɗakin yayanmu.

Da farko A Momentary Lapse of Reason na ba na biyu ba tare da wani tunani ba. Da na sake jin sa yanzu, sai na ga shekaru sun taɓa shi. Gangar tana da amon injin nan na shekarun 1980, kuma Mason da Wright kaɗan suka taɓa a ciki, kusan aikin Gilmour ne da 'yan haya aka liƙa wa sunan ƙungiya. Jitar da ke cikin waƙar Sorrow ce ta cece shi. Har na yi niyyar ɗaga The Endless River sama da shi, domin aƙalla can su ukun ne da gaske. Sai na tuna fuskar abokina a hanyar Zariya, da kusan minti 50 da na yi ina jiran murya. A'a, ya zauna a na uku. Yana cikin durowa yanzu, sauran biyun ne a mota.