Shogun na 1980, na 2024, ko wasannin NHK: wanne za ka fara saya?

Kafin ka zuba kuɗi a data ko ka sayi faifai, ka auna kanka tukuna: za ka iya zaman awa guda idonka na kan fassarar da ke wucewa a ƙasan allo? A nan zaɓin ya rataya.

Shirin talabijin na Shogun iri biyu ne, dukansu daga littafin James Clavell na 1975. Labarin Blackthorne ne, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da teku ta jefo Japan a 1600, lokacin da manyan sarakunan yaƙi ke zaman doya da manja kan wanda zai riƙe ƙasar. An gina Blackthorne a kan mutum na gaske, William Adams, shi kuwa Toranaga, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin, a kan Tokugawa Ieyasu.

Na 1980 tashar NBC ta Amurka ce ta nuna shi, kashi biyar, da Richard Chamberlain da Toshiro Mifune. Komai ta idon baƙon kake gani. In Japanawa suna magana, galibi ba a fassara maka, sai ka yi zuru kamar yadda ya yi, kana jiran tafintarsa Mariko. Ga wanda karatun allo ke gajiyarwa, wannan ya fi sauƙi, sai dai zuciyar Toranaga ba za ta buɗe maka sosai ba.

Ni kam na 2024 na fi so, kuma ba na ɓoyewa. Tashar FX ta Amurka ce ta shirya shi, kashi goma, yawancin maganar da Japananci, Hiroyuki Sanada ne Toranaga, Anna Sawai kuma Mariko. Ya ci lambobin yabon talabijin na Emmy 18. Tun kashi na farko za ka ga fada ta cika, kowa a durƙushe bisa tabarma, wani matashin bafade ya kasa haɗiye cin mutuncin da aka yi wa ubangidansa, ya ɗaga murya. Wannan kalma ɗaya ta ci ransa da na jaririn ɗansa. Duk wanda ya san ladabin zaman fada, jikinsa zai yi sanyi. Akwai jini da tsiraici a ciki, har da dafa mutum da ransa a tukunya, don haka ba na kallo da yara ba ne.

In kuma labarin daga bakin 'yan gida kake so, ka nemi wasannin tarihi da ake kira taiga na tashar NHK ta Japan, waɗanda take yi kowace shekara tun 1963. Akwai Dokuganryu Masamune na 1987, daga littafin Sohachi Yamaoka, da Ken Watanabe. Akwai Musashi na 2003, daga littafin Eiji Yoshikawa. Kowanne na neman kashi hamsin, sai mai haƙuri. Kada ka biya ko sisi sai mai sayarwa ya kunna maka kashi na farko da na ƙarshe, ka ga fassarar da idonka.